Bindigar da Na Kashe wa Murya

Ni mutum ne da ba ya jure ƙara. Tun ina Damagaram haka nake: ƙofa in tana kuka, sai na ɗiga mata mai kafin in iya zama a ɗakin, ko da ɗakin ba nawa ba ne. Da na zo Jidda, cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin, wannan halin ne ya zame mini hanyar abinci. Kafilina, wato mutumin da ya tsaya mini na samu izinin zama, ya kama mini wani ɗan shago a unguwar Mahjar ina gyaran keken ɗinki, ba a daɗe ba teloli har daga unguwar Bagdadiyya suka fara aiko mini da kekunansu a bayan mota. Cewa suke keken da ya bi ta hannuna, sai ka dubi allura kafin ka san yana aiki. Ina jin daɗin wannan yabo fiye da kima, ba zan ɓoye ba.

To Allah da ikonsa, sai ya haɗa ni bango ɗaya da ƙarar da ta fi kowace ci mini rai.

Bayan shagona gidan wata tsohuwa ne, Bahaushiya, wadda aka zo da ita aikin hajji tana goye, ba a kuma koma da ita ba. Hajja kowa ke ce mata. Idonta ya tafi shekaru kafin zuwana. Kullum da hantsi takan lalubo bango ta zagayo lungunmu da tirenta na gyaɗa da kantun riɗi, ta zauna dab da ƙofata, ƙarƙashin wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe. Ƙofar gidan nata tana can ɗaya lungun, inda ba mai wucewa balle mai saye, shi ya sa ba ta zama a can. Bayan tagar nan ɗanta yake.

Da na ce ɗa, kada a ɗauka yaro ne. Ya haura arba'in, dogo, har da furfura a gemu. Dako yake yi a tashar jiragen ruwa, har ranar da wata igiyar ƙarfe ta tsinke ta same shi a ka. Ya tashi daga jinya hannu da ƙafa lafiya lau, amma baki ya rufe, ko sunansa aka kira ba ya waiwayowa. A Jidda aka haife shi, bai taɓa taka wata ƙasa ba, kuma ba shi da takarda ko ta ƙunshe goro: ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba fasfo. Kowa a lungun ya san abin da hakan ke nufi. In ya fita titi masu kame suka tare shi, ba zai iya cewa ga gidansu ba, ba zai iya cewa yana da uwa ba. Jirgi za a sa shi zuwa duk ƙasar da aka ga ya yi kama da mutanenta. Kulle shi kuma ba ya yiwuwa, don da ya ji an sa sakata sai ya yi ta dukan ƙofar da goshi har jini ya fito.

Abin da ke riƙe shi a ɗaki bindiga ce. Ba ta gaske ba, irin ta ado ce da ake ratayewa a bango, mai siffar ta finafinan kaboyi. Bakinta a toshe yake, ba inda harsashi zai shiga balle ya fita. Wani ma'aikacin jirgi ya ba shi tun yana da lafiya. Amma sauran jikinta duk yana motsi kamar na gaske. A ƙarƙashinta akwai wani hannun ƙarfe mai kamar kunnen almakashi, ka zura yatsu ka tura shi ƙasa, ka jawo shi sama, bindiga ta ɗanu. Aikinsa ke nan. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana zaune a tabarma yana turawa yana jawowa. In ya tura sai ta yi wani siririn kuka, ƙiiiƙ. In ya jawo sai ta rufe, ƙas.

Ƙiiiƙ, ƙas. Ƙiiiƙ, ƙas. Ba ya sauri, ba ya jinkiri, ba ya tsayawa sai don cin abinci ko zagayawa. Na toshe kunne da auduga, na kunna rikoda har maƙwabta suka yi magana, ƙarar nan ta bi ta ƙarƙashin komai ta iso ni. Wata rana na kama hannuna yana juya sukundireba daidai da bugunta, wata rana kuma numfashina na ji yana bin ta. Tun ina jin haushi har na koma jin tsoro, domin ban taɓa ganin ɗan Adam ya riƙe abu ɗaya haka bai kuskure ba. Nakan zauna ina aiki, bayana na jingine da bangon, in ji kamar ta cikin bangon ake saitin ƙeyata.

Ita kuwa Hajja, ƙarar nan kiɗa ce a kunnenta. Na sha jin masu sayen gyaɗa suna tambayarta wace irin fitina ce wannan, tana amsawa da Hausarta mai gauraye da Larabci: "Khalli shi, ƙyale shi, ya binti. Muddin ina jin wannan, alhamdu lillah, ɗana yana nan. Ita ce igiyar da na ɗaure shi da ita." Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri nan gaba ya ce ban sani ba. Na sani sarai.

Wata safiya a tsakiyar zafi, lokacin da iskar teku ke jiƙa komai har makulli ya yi tsatsa a aljihu, na buɗe shago na ji shiru. Na kasa kunne, shiru. Wallahi shayin da na sha ranar ya fi na kullum daɗi. Ban gama ba sai ga Hajja tana lalube, ba tire, rungume da wani dogon abu naɗe cikin zani.

Ta ce, "Ya usta," haka suke kiran mai sana'ar hannu, "ka rufa mini asiri. Ta cije tun jiya da yamma, khalas, ta ƙi motsi. Da asuba na ji shi yana neman takalmansa. In ta tsaya, mina yake tunawa, sai ya ɗauka ya makara aiki." Mina ita ce tashar jirgin, haka suke ce mata.

Na ce, "Hajja, ni keke nake gyarawa."

Ta ce, "Ƙarfe ƙarfe ne, ya waladi. Na bar maƙwabciya zaune a bakin ƙofarsa, amma girki ta ɗora, ba za ta daɗe ba. Yalla, Allah ya yi maka albarka."

Ta ajiye ta koma. Na sauke ƙofar shagon rabi, domin baƙo irina in aka gan shi da abu mai kamar bindiga, kafin ya gama bayani ya kwana inda ba ya so. Na warware zanin. Ta fi yadda na zata nauyi, katakon gindinta ya yi baƙi da gumin hannu. Ciwonta ba wani babba ba ne: tsatsa ce ta kama ƙusar da hannun ke juyawa a kai. Na ɗiga kananzir, na ɗan bubbuga da ƙaramar guduma, na bar ta ta sha, na ƙara da man keke. Ko minti goma ba a yi ba, sai ta saki. Na zura yatsu na tura, na jawo. Ƙiiiƙ, ƙas, a cikin hannuna. 

Aiki ya ƙare ke nan. Da na naɗe ta a zanin na kai mata a lokacin, da ba ni da labarin da zan ba kowa yau. Amma na zauna ina kallon ta, ni da ita kaɗai. Shaiɗan in zai zo wa mai sana'a, ba ya zuwa da ƙaho, da muryar maigidan da ya koya maka aiki yake zuwa. Sai na ji ina tambayar kaina: yanzu abu zai fita daga shagon nan yana kuka kamar tsohuwar amalanke, a ce kai ka gyara? Na ce ai taimakonsa zan yi, hannunsa zai huta. Ƙarya nake, kunnena nake nema wa hutu.

Ubana maƙeri ne, yana gyara wa mafarauta bindigoginsu na toka, kuma na tashi ina ganin yadda yake neman inda ƙarfe ke cin ƙarfe. Haka na yi. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na kwance ta ɗaya bayan ɗaya, ina jera kowane noti da sifirin yadda na ciro shi. Na kunna kyandir na turara wa ƙarafan hayaƙi har suka yi baƙi, na mayar, na tura na jawo sau uku, na sake kwancewa. Duk inda baƙin ya goge, nan ake gogayya. Wuri biyu ne ƙanana, sai na uku wanda shi ne uban tafiyar: wani ɗan tudu da bai wuce ƙwayar gero ba, a bayan hannun, daidai inda yake tura kunamar bindigar baya. Tun daga wurin zubin ƙarfen aka bar shi. Shekara da shekaru mutumin nan yana gurza shi bai cinye shi ba, sheƙi kawai ya sa masa. Daga nan kukan ke fita.

Na ɗauki ƙaramin magagari na bi shi a hankali, ja uku in tsaya in shafa da yatsa. Daga magagari na koma dutsen washi, daga dutse na koma sanfefa mai laushi da na tsoma a mai, na ƙarasa da fata da garin toka har ina ganin fuskata a ciki. Ƙiiiƙ ta mutu. Saura ƙas. Ita kuma inda hannun ke haɗuwa da jikin bindigar ne in ya rufe, sai na yanko wata 'yar fata daga tsohuwar igiyar keke, na feƙe ta siririya, na manna a wurin. Na shafa giris, na harhaɗa, na ɗaure.

Na tura, na jawo. Kamar ka tsoma cokali a man shanu. Na ga kunamar ta koma baya da idona, amma ko sauro ya fi ta ƙara. Na yi haka ya fi sau ashirin ina murmushi ni kaɗai. Ban taɓa aiki mai kyau kamar wannan ba, har yau kuma ban sake ba.

Rana ba ta kai tsaka ba na zagaya na kai. Ranar na fara shiga ɗakinsa. Ba komai ciki sai tabarma da buta da takalmansa a gefe. Yana zaune ya ba taga baya, hannunsa na dama yana turawa yana jawowa a cikin iska, ba komai a ciki. Na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa bai dube ni ba, ya ɗora ta a cinya, ya zura yatsu. Ya tura, ya jawo. Ya sake. Sai ya ɗaga ta ya kara kunne a jikinta, ya sake turawa. Daga nan ya ɗago kai ya dube ni. Shekara uku muna bango ɗaya, ranar idonmu ya fara haɗuwa. Ba fushi a ciki, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Kallon mutumin da ya ba ka ajiya ne, ya zo karɓa ka miƙa masa wani abu daban.

Hajja tana tsaye a bakin ƙofa, ta karkatar da kai. Ta ce, "Ta gyaru, usta?"

Na ce, "Ta gyaru, Hajja. Ga shi nan yana yi."

Ta ce, "Ban ji ba."

A nan ne na yi abin da ya fi gurza ƙarfen muni. Na ce, "Mai ne ya yi mata yawa. In ya sha, ƙarar za ta dawo."

Ta ce, "Tayyib. Kai ka san aikinka." Ta sallami maƙwabciyar, ta ɗauki tirenta ta zagayo ta zauna ƙarƙashin tagar. Ina leƙen ta daga shago. Ba ta kiran masu saye, ba ta hira, kunne kawai ta miƙa sama. Na ce wa kaina gobe in ta matsa sai in cire fatar, ko ƙas ɗin ta samu. Aka kira azahar na tafi masallaci.

Ina dawowa na tarar da ita tana murmushi, tana ɓare gyaɗa. Ta ji takuna ta ce, "Ka yi gaskiya, ya usta. Mai ya sha. Ga ta nan ta dawo."

Na buɗe baki zan ce mata ba zai yiwu ba, sai na ji. Ƙiiiƙ, ƙas. Ƙiiiƙ, ƙas. Daga tagar nan take fitowa, da bugunta na kullum, ba ragi ba ƙari.

Na shiga shago na zauna. Fatar za ta iya ɓallewa, wannan na yarda. Amma tudun nan da hannuna na cinye shi, garinsa ma yana nan a kan farin ƙyallen, ina ganin sa. Ƙarfen da aka gurje ba ya tsirowa. Wani tela ya kawo kan keke, na ce masa, "Malam, kana jin wata ƙara?" Ya kasa kunne ya ce shi dai na'urar sanyaya ɗakin wancan gidan yake ji. Yana faɗin haka ƙarar na tafiya, ta bangon da ke bayansa. Ya kamata in tashi a lokacin in zagaya. Ban tashi ba. Tsoro ya hana ni, kuma wani ɓangare na zuciyata yana murna cewa ƙaryata ta zama gaskiya ba tare da na sha kunya ba. Haka na zauna daga azahar har la'asar, muna saurare ni da makauniya.

Bayan sallar la'asar na kasa daurewa. Na zagaya ta ɗaya lungun, ƙarar na tafe da ni. Na shiga zaure ina jin ta, na tsallaka tsakar gida tana ƙara kusa. Na ɗora hannu a kan labulen ɗakin, sai ta tsaya cak.

Ba kowa a ɗakin. Bindigar na kwance a tabarma, hannunta a rufe. Takalman babu. Na shafa tabarmar inda yake zama, ba ɗumin jiki. Na ɗauki bindigar na tura na jawo, shiru, fatar tana nan inda na manna ta. Sai muryar Hajja ta shigo ta taga daga waje: "Usta, kai ne a ciki? Me ya sa ya tsaya?"

Maƙwabciyar ta ce ai ta hango bayansa yana karya kwanar lungu tun kafin a kira azahar. Ta ɗauka da sanin uwarsa, tunda an gyara masa abin wasansa.

Mazan lungu muka bazu. Muka bi hanyar tasha da ƙafa, muka tambayi 'yan dako da masu shayi da direbobin manyan motoci. Wani ya ce ya ga dogon mutum tsaye a bakin ƙofar shiga kamar mai jiran a kira shi aiki. Wani ya ce ya ga an sa wani mai furfura a motar kame, ana masa tambaya ba ya amsawa. Ni da nake da iƙama, ni na riƙa zuwa inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Da suna ake neman mutum a can, shi kuma ba ya faɗin nasa. Sau huɗu ina zuwa. An bar ni na leƙa, na ga fuskoki har suka fara zame mini iri ɗaya. Jirage kuma na tashi zuwa ƙasashe daban-daban, ba wanda zai iya ce mini ga wanda ya hau, ko ma ya hau ɗin. Muka duba asibitoci, muka aika saƙo gida ta bakin masu komawa. Har na bar Jidda ba labari.

Ban taɓa buɗe baki na gaya wa Hajja abin da na yi ba, ita ma ba ta taɓa tuhumata a gaban mutane ba. Da ta zage ni da na ji sanyi. Ta ci gaba da zama ƙarƙashin tagar da tirenta, ta rame har wuyanta ya fito. Sai bayan kamar wata biyu, wata rana da hantsi, ta shigo shagon da abin naɗe a zani, ta ajiye a kan teburina.

Ta ce, "Har yanzu man bai sha ba, ya usta?"

Na ɗaga bakin zanin, bindigar ce.

Ta ce, "Mayar mini da ƙararta. Zan riƙa yi da kaina. In yana yawo a lungunan nan ya ɓace hanya, ya ji ya gane gida."

Kwana shida na rufe shago a kan bindigar nan. Cire fatar bai ɗauki minti ɗaya ba, ƙas ta dawo. Kukan ne ya gagara. Na wanke giris ɗin da kananzir. Na ɗiga dalma a inda tudun yake, ta yi laushi, ba ta kuka. Na kai wa mai walda ya ɗora mini ɗigon ƙarfe, na feƙe shi daidai ƙwayar gero, na gwada, na rage, na sake ɗorawa. Na jiƙa wurin da ruwan gishiri na bar shi ya yi tsatsa. Ni da ake kawo wa keke daga Bagdadiyya don in kashe masa ƙara, ga ni ina roƙon ƙarfe ya yi kuka. A rana ta shida na samu wani abu da kunnena ya ce ya yi kusa.

Na fito da ita na durƙusa a gaban Hajja, na sa yatsunta a cikin hannun. Ta tura, ta jawo. Ta karkatar da kai, ta sake. Ta yi sau uku. Sannan ta ciro yatsunta, ta lalubo zanin ta rufe bindigar a hankali, kamar yadda ake rufe mai barci.

Ta ce, "Ba ita ba ce. Wannan ba zai amsa mata ba."

Ta miƙo mini ta ce in kai ɗakin in ajiye a tabarma inda ya bar ta. Na kai na ajiye. Da na zagayo na tarar ta ja tirenta ta koma ƙarƙashin tagar, ta miƙa kunne sama, ni ma na shiga shago na jingina bayana da bangon.